Daga zagayen Krebs zuwa gadon asibiti: yadda za ka bi sawun ciwon dajin da lalacewar enzayim ke haifarwa

Idan jarrabawar bayokemistiri ta matso, za ka tarar da ɗaliban likitanci na BUK da takwarorinsu na makarantun jinya da na lab sun duƙufa suna haddar zagayen Krebs, wato jerin matakan da ƙwayar jiki ke bi ta tatsi kuzari daga abinci, kamar masu tilawa: sitret, aisositret, alfa-kitoglutaret, saksinet, fumaret, malet, har a dawo gida. Ana fitowa daga ɗakin jarrabawa sai a ajiye shi a bakin ƙofa, kowa ya kama gabansa. Ni ma haka na yi a lokacina. Sai daga baya na gane ashe wannan zanen da muka raina yakan tako da ƙafarsa ya zo asibiti: saurayi ɗan shekara 24 mai hawan jinin da ya ƙi jin magani, ko matar da aka yi wa aikin ƙarin mahaifa tun ba ta kai 30 ba, ga wasu ƙuraje masu zafi a kafaɗarta.

Maganar gaba ɗaya zare ɗaya ce, in ka kama bakinta sauran za su warware da kansu. Ƙwayar jiki tana da hanyar gane ko oksijin ya wadata ko ya yi ƙaranci. Idan wasu enzayim na sarrafa abinci (furotin masu mayar da wani sinadari wani daban) suka lalace, wannan ma'aunin yakan ruɗe, sai ƙwayar ta riƙa ɗaukar matakan wanda ya shaƙe alhali tana tsakiyar iska. Matakan nan, idan suka ɗore shekara da shekaru, su ne ke share wa ƙari hanya.

Kafin mu fara, mu daidaita kalmomi biyu, domin a Hausa mukan ce "ƙwayar halitta" ga abu biyu daban. A nan, in na ce ƙwayar jiki ko ƙwaya, ina nufin ɗan mitsitsin ɗakin da aka gina tsoka da shi. In na ce ƙwayar gado, ina nufin rubutun DNA da ake gadowa daga iyaye. Samu farar takarda da biro kala biyu. Karatun nan ba ya zama sai da zane.

Mataki na 1: zana shataletalen, ka yi alama a wuri uku

Zana zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937, amma kada ka wahalar da kanka da duk abin da ke cikinsa. Da jan biro, kewaye enzayim uku kawai.

Na farko IDH, mai mayar da aisositret alfa-kitoglutaret. Na biyu SDH, mai mayar da saksinet fumaret. Na uku FH, mai mayar da fumaret malet. Ka lura SDH da FH maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su.

SDH yana da abin da ya bambanta shi da sauran. Ƙafa biyu gare shi, ɗaya a zagayen Krebs, ɗaya a layin da ke miƙa lantarki a bangon mitokondiriya (injin samar da kuzari na cikin ƙwaya, inda zagayen ke gudana), inda ake kiransa rukuni na 2. Sassa huɗu ne suka haɗu suka yi shi, SDHA, SDHB, SDHC da SDHD, kuma akwai wani mai taimaka musu wajen haɗuwa, SDHAF2. Ga tarkon da ɗalibai ke yawan faɗawa: tunda a mitokondiriya yake aiki, sai a ɗauka ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. A'a. Umarnin ƙera duka sassan huɗu yana cikin DNA na cibiyar ƙwaya, don haka uwa da uba kowa yana ba da nasa kwafin.

Yanzu ka ɗauki zagayen a matsayin shataletale da yamma, lokacin tashi daga kasuwa. Tirela ta mutu a mahaɗar SDH. Me zai faru? 'Yan adaidaita sahun da ke bayanta za su taru, su cika titi, su fara kutsawa lunguna. Saksinet ke nan: yana taruwa a mitokondiriya har ya malalo zuwa ruwan cikin ƙwaya. Idan a FH tirelar ta mutu, fumaret ne zai yi wannan ambaliya. Ja kibiya daga saksinet da fumaret ta fita wajen zagayen, ka bar ta a rataye, za mu dawo kanta.

Mataki na 2: fahimci ma'aunin oksijin a lafiyayyar ƙwaya

A nan nake so ka daɗe, domin wanda ya fahimci wannan ya gama rabin aiki.

Akwai wani furotin mai suna HIF. Gregg Semenza ne ya gano shi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a farkon shekarun 1990, lokacin da yake neman abin da ke sa jiki ya ƙara yin EPO, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don a ƙara jajayen ƙwayoyin jini. HIF ɓari biyu ne, alfa da bita. Bita yana nan zaune kullum. Alfa ne mai labari: ƙwaya tana ƙera shi ba dare ba rana, tana kuma rusa shi ba dare ba rana. In oksijin ya wadata, rayuwarsa ba ta wuce 'yan mintoci ba.

Ka tuna kasuwar dabbobi ana jajibirin Babbar Sallah. Ragon da aka saya akan shafa masa fenti a baya, yaron da zai ja shi kuma fentin yake dubawa, ba ya tambayar kowa. To HIF-alfa shi ne ragon. Mai shafa fentin wasu enzayim ne guda uku da ake kira PHD, fentin kuwa ɗan guntun oksijin da haidurojin ne da suke liƙawa a kan furolin (ɗaya daga tubalan ginin furotin) guda biyu na jikinsa, na 402 da na 564 a HIF-1 alfa. Yaron da ke jan rago shi ne furotin VHL: da ya ga alamar sai ya rataya masa yubikwitin, wato tambarin a kai shi a rusa, ya miƙa shi ga injin niƙa furotin na cikin ƙwaya.

Asirin yana cikin kayan aikin mai fenti. PHD ba ya iya komai sai da abu huɗu: oksijin, ƙarfen ayon, bitamin C, da alfa-kitoglutaret. Tsaya a kan na ƙarshen. Wannan alfa-kitoglutaret ɗin dai shi ne wanda ka rubuta a zagayenka ɗazu. Kuma duk sanda PHD ya yi aiki sau ɗaya, yakan ƙone alfa-kitoglutaret ya bar abu biyu: iskar kabon da saksinet. Rubuta wannan layin da manyan baƙi.

Idan oksijin ya yi ƙasa, mai fenti ya rasa abin aiki, raguna su taru ba alama, yaro ya tsaya yana kallo. HIF-alfa ya shige cibiyar ƙwaya, ya haɗu da bita, su kunna ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa. Biyar sun ishe ka: VEGF mai kiran sababbin jijiyoyin jini, EPO mai ƙara jini, GLUT1 mai buɗe wa sukari ƙofa, LDHA mai juya sukarin ya zama laktet, da PDK1 mai toshe hanyar shigar da makamashi mitokondiriya. Duka dabarun tsira ne ga tsokar da jini ya yanke mata. Dabara ce ta 'yan kwanaki, kamar cin bashi kafin albashi.

An san ƙwayar gadon VHL tun 1993, ta dalilin wasu iyalai da ke gadon ciwon dajin ƙoda da ƙari mai yawan jijiyoyin jini a ido da ƙwaƙwalwa. A 1999 ɗakin binciken Peter Ratcliffe a Oxford ta Ingila ya nuna VHL ne ke kai HIF ga halaka, a 2001 kuma shi da William Kaelin, kowa a nasa ɗakin, suka gano maganar fentin furolin. Su biyun da Semenza ne suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2019.

Mataki na 3: haɗa zanen biyu

Dawo kan kibiyar da ka bari a rataye. Ja ta har ta taɓa PHD, ka sa mata alamar hanawa.

Duk wadda ta yi girki da gawayi ta san murhun da toka ta cika ba ya ci, ko da iska na kaɗawa. Saksinet shi ne tokar aikin PHD. Ga shi kuma ƙirarsa ta yi kama da ta alfa-kitoglutaret, don haka idan ya yi yawa sai ya zauna a kujerar da aka tanadar wa wancan, ya ƙi tashi. Fumaret ma haka yake yi. Sakamakon: oksijin na nan birjik, amma mai fenti ya daina aiki, HIF ya taru, ƙwaya ta shiga halin ko-ta-kwana na ƙarya. Masana suna kiran wannan yanayi shaƙewar bogi. A 2005 ne aka tabbatar da wannan haɗi a ɗakunan bincike, ga saksinet da fumaret duka.

Daga nan siffar ƙarin za ta bayyana maka ba tare da hadda ba. Me ya sa irin wannan ƙari yake cike da jijiyoyin jini, har likitan tiyata ke shakkar taɓa shi? VEGF. Me ya sa yake zuƙar sukari kamar ba gobe yana zubar da laktet? GLUT1 da LDHA, ga injin mitokondiriya da ya riga ya samu matsala. Otto Warburg na Jamus ya lura da wannan ɗabi'a ta ƙwayoyin ciwon daji tun shekarun 1920, ya ce lalacewar numfashin ƙwaya ce tushen cutar. A yawancin ciwon daji hasashensa bai tabbata ba, domin mitokondiriyarsu na aiki. A waɗannan ƙalilan ɗin ne maganar tsohon ta faɗa daidai.

Wata hujjar da nake so ƙwarai ta fito daga kan duwatsu. A mararrabar babbar jijiyar wuya akwai ɗan ƙullutu kamar ƙwayar shinkafa, aikinsa ɗanɗana oksijin na jini ya gaya wa ƙwaƙwalwa a ƙara numfashi. Mutanen da ke zaune a tsaunukan Andes na ƙasar Peru, inda iska ba ta da kauri, wannan ƙullutun nasu yakan girma, kuma sun fi yawan samun ƙari a wurin. Mu a Kano ko ka hau Dala ko Gwauron Dutse ba ka je inda iska za ta gaza ka ba. Amma mai lalataccen SDHD, ƙullutun wuyansa yana rayuwa ne kamar a ƙololuwar Andes yana zaune a Fagge. A shekarar 2000 aka fara gano SDHD a iyalai masu gadon wannan ƙari, kuma shi ne karon farko da aka kama wani enzayim na zagayen Krebs da hannu a ciwon daji. SDHB ya biyo baya a 2001, FH a 2002.

Sai dai kar ka ɗora wa HIF laifin duka. PHD ɗan babban gida ne, danginsa masu amfani da alfa-kitoglutaret sun haura 60. Cikinsu akwai TET, mai goge alamar metil (ɗan sinadarin da ke kulle shafi) daga kan DNA, da masu goge ta daga kan histon, furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsa, waɗanda aikinsu buɗe shafukan DNA da aka rufe. Saksinet da fumaret suna toshe su su ma. Sai alamar metil ta yi ta taruwa, shafukan da ke gaya wa ƙwaya ta balaga ta kama sana'a su kasance a kulle, ta zauna a yarinta tana ta rabuwa. A ganina duk amsar jarrabawar da ta tsaya a HIF ba ta ambaci wannan ba, rabin amsa ce. Fumaret kuma yana da wata ɓarnar tasa ta daban: yakan manne wa sistin, wani tubali na jikin furotin, ya bar tabon da ake kira 2SC. Ɗaya daga waɗanda yake lalatawa haka shi ne KEAP1, mai riƙe da linzamin NRF2, furotin mai kunna garkuwar ƙwaya daga guba, sai NRF2 ya kuɓuce ya yi ta kare ƙwayar da ya kamata ta mutu.

Mataki na 4: ware IDH gefe guda

Kada ka zuba IDH a kwando ɗaya da sauran biyun. SDH da FH mutuwa suke yi. IDH kuwa sauya sana'a yake yi. Canjin harafi ɗaya, mafi shahara R132H a IDH1, yakan sa ya kama alfa-kitoglutaret ya mayar da shi wani baƙon sinadari, 2-HG. An ga canjin a ƙarin ƙwaƙwalwa a 2008, aka gano sabuwar sana'ar a 2009. Kwafi ɗaya ya lalace ya isa, kuma galibi a cikin ƙarin kaɗai canjin yake faruwa, ba gadonsa ake yi ba. Ana samunsa a giliyoma, wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa, da wata sankarar jini da ake kira AML, da ciwon dajin bututun matsarmama, da na guringuntsi.

Shi 2-HG ya fi ƙarfi a kan TET da masu goge metil. Batunsa da HIF kuwa ba miƙaƙƙe ba ne, har akwai binciken da ya nuna yakan zaburar da PHD, HIF ya ragu. Don haka a zanenka ja masa kibiya mai kauri zuwa DNA, ka bar ta HIF da ɗigo-ɗigo. Abin mamaki, giliyoma mai canjin IDH ta fi sauƙin hali a kan wadda ba ta da shi, shi ya sa rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa gwajin IDH a sahun gaba.

Mataki na 5: lissafin gado

Wanda ya gaji lalataccen SDH ko FH yana da kwafi ɗaya mai kyau, kuma wannan ɗayan ya ishe shi rayuwa lafiya. Ƙari yana tasowa ne a ranar da wata ƙwaya ɗaya, a wuya ko ƙoda ko mahaifa, ta rasa kwafi na biyun. Wannan ita ce ƙa'idar bugu biyu ta Alfred Knudson ta 1971. Kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da shi yana da rabi da rabi na gadonsa, kuma ba duk wanda ya gada ke yin ciwo ba. Da yawa daga masu ɗauke da SDHB suna tsufa ba su san da shi ba, ko da yake idan ƙarin ya zo, na SDHB ne ya fi saurin bazuwa.

SDHD yana da wani hali da ke rikita bishiyar dangi: kusan kullum sai an gado shi daga uba yake haifar da ƙari. Mace za ta iya ba ɗanta, ya rayu lafiya ƙalau, shi kuma ya ba 'ya'yansa ciwon ya bayyana. Sai a ga kamar cutar ta tsallake zuriya guda.

Ga mu da auren zumunci ya yi yawa a cikinmu, akwai ƙarin abin lura. Idan miji da mata duka suna ɗauke da lalataccen FH, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na gadar kwafi biyu marasa kyau. Irin wannan jaririn ba ƙari ne matsalarsa ba, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ginuwa daidai, ga farfaɗiya tun yana zanin goyo. In ka ji tarihin irin waɗannan jarirai a gidan da ake fama da ƙarin mahaifa da wuri, ka haɗa biyu da biyu.

Mataki na 6: gane su idan sun shigo

Ƙarin SDH da aka fi sani su ne fiyokromositoma, a kan ƙullin adirinal da ke saman ƙoda, da paragangiliyoma, a ko'ina daga gindin ƙoƙon kai har mafitsara. Na ciki da na ƙirji sukan tsiyayo sinadaran tashin hankali, noradirinalin da 'yan'uwansa. Mara lafiya zai ce abin yana zuwa masa ne kamar an jefo shi: kai ya sara, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, jiki ya yi fari, tsoro ya kama shi ba dalili, bayan wasu mintoci ya sake shi. A gida sau da yawa za a ce iska ce ta taɓa shi. Ni kan ce a raina lallai akwai iska a maganar, sai dai ba wadda ake nufi ba. Kada ka yi wa dangi dariya ko ka hana su addu'a. Ka dai roƙi a auna jininsa a daidai lokacin da abin ya motsa, ko a kemis ɗin unguwa ne, a rubuta lambar da lokacin.

Tambayoyin da za ka yi ba su da tsada. "Malam, me kake yi in abin zai taso? Sunkuyawa, ɗaukar kaya, ko bayan ka yi fitsari?" Wanda abin ke buge shi bayan fitsari, ka tuna da mafitsara. "Baba, a danginku akwai wanda hawan jini ya kama yana matashi, ko wanda ya rasu farat ɗaya a wajen tiyata ko haihuwa?" Wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu irin wannan ƙari gadonsa suka yi, kaso mai yawa ƙwarai in aka gwada da sauran cututtukan daji.

Na wuya galibi ba ya tsiyayar komai. Kumburi ne marar zafi a ƙasan kusurwar muƙamuƙi, mai girma a hankali cikin shekaru. Yana motsawa hagu da dama amma ba ya yin sama da ƙasa, wani lokaci ka ji yana harbawa. Maƙoƙo yana gaban wuya kuma yana bin haɗiyar yawu, kaluluwar tarin fuka kuma takan zo da rama da zazzaɓin dare. Na cikin kunne yakan zo da ƙarar bugun zuciya a kunne ɗaya. Akwai kuma wani ƙarin tumbi, GIST marar SDH, mai kama yara da matasa, musamman mata, wanda ba ya jin imatinib yadda sauran GIST ke ji.

Ɓangaren FH yana buƙatar natsuwa, domin ƙarin mahaifa ruwan dare ne a matanmu, kuma mafi yawansa ba ruwansa da wannan magana. Abin da zai ɗaga maka hankali shi ne haɗuwar alamu: ƙari masu yawa kuma manya tun tana shekara 20 da 'yan kai, uwa da 'yan'uwa mata duk an yi musu aiki da wuri, da ƙananan ƙulluttai masu tauri a fatar hannu, kafaɗa ko baya, masu zafi in an taɓa ko in sanyin hunturu ya sauka. Tambaye ta kai tsaye, cikin ladabi: "Hajiya, akwai wasu ƙuraje a jikinki da ke miki zogi lokacin sanyi?" Ba za ta kawo maganar da kanta ba, don ba ta ga alaƙarsu da mahaifa ba. Dalilin damuwar shi ne ƙoda. Kusan kashi 15 cikin 100 na masu wannan gado sukan yi ciwon dajin ƙoda mai zafin nama, wanda ke bazuwa tun yana ƙarami, kuma mazan gidan ma suna cikin haɗarin.

Mataki na 7: gwaji bi da bi, da abubuwan da ba a yi

Sinadari kafin hoto. Gwajin farko shi ne metanefrin, wato ragowar da sinadaran tashin hankalin nan ke bari, a jini ko a fitsarin awa 24. In na jini ne, mara lafiya ya kwanta rigingine na minti 20 zuwa 30 kafin a ɗiba. In na fitsari ne, yi masa bayani dalla-dalla: ya zubar da na farkon asuba, ya tara duk wanda ya biyo baya har da na asubar gobe, ya ajiye jarkar a wuri mai sanyi, abin da ke buƙatar dabara a zafin Afrilu na Kano. Tambayi magungunan da yake sha, domin wasu na damuwa irin su amitriptilin da wasu na mura masu buɗe hanci sukan ɗaga sakamakon. Lambar da ta ninka iyakar sama sau biyu ko uku ba a wasa da ita. Daga nan sai CT ko MRI don gano mazauninsa.

Abu uku ne ba a yi. Ba a soka allura a ɗebi nama daga ƙarin da ake zargi, ko na adirinal ko na wuya: ɗaya zai iya harba jini sama har a rasa rai, ɗayan zai yi ta zubar jini. Ba a fara ba da maganin rage bugun zuciya irin su propranolol ko atenolol, domin zai bar jijiyoyi a matse jini ya ƙara hawa. Kuma a guji metoclopramide, maganin aman nan da ake bayarwa kamar gyaɗa, don yakan tayar da rikicin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganin asali tiyata ce, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ana share kwana 7 zuwa 14 ana ba da mai sassauta jijiyoyi, phenoxybenzamine ko doxazosin ko prazosin, tare da ƙarin gishiri da ruwa, sai daga baya a ƙara na bugun zuciya in da buƙata. Wannan aikin babban asibiti ne mai likitocin sinadaran jiki da na sa barci da ɗakin kulawa ta musamman. In kana ƙaramin asibiti, aikinka ka rubuta takardar turawa zuwa irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka bayyana zarginka ƙarara a layin farko.

Bayan an cire, kada naman ya tafi lab da takarda mai cewa "ƙari" kawai. Rubuta shekarun mara lafiya da tarihin dangi, ka nemi rinin SDHB, wato gwajin launi da ke nuna ko furotin ɗin yana cikin naman. Hikimar rinin ita ce duk sashen SDH da ya lalace, rukunin gaba ɗaya yake rushewa, SDHB ya ɓace, don haka rini ɗaya yana tona asirin duka. Ga FH, ana neman ɓacewar FH da bayyanar tabon 2SC. In ba a yin rinin a inda kake, ƙullin naman da aka daskarar a kakin lab yana iya tafiya wani wurin, kuma yana ajiyuwa shekaru. Gaya wa dangi su san lambarsa.

Ilimin nan ya fara haihuwar magunguna. Belzutifan, mai toshe HIF-2 alfa, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2021 don masu cutar VHL, wato masu gadon lalataccen VHL. Enasidenib a 2017 da ivosidenib a 2018 suna toshe IDH mai sabuwar sana'a a sankarar jini, vorasidenib kuma ya zo a 2024 don giliyoma. Ta ɗaya gefen, roxadustat da daprodustat suna toshe PHD da gangan don masu ciwon ƙoda su ƙara jini, wato shaƙewar bogi ce aka mayar magani. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu, shi ya sa a nan gano ƙarin da wuri da cire shi ya fi komai nauyi.

Mataki na 8: zama da dangi

In gwajin ƙwayar gado ya tabbatar, ko alamu suka yi ƙarfi, mara lafiyarka ya tashi daga mutum ɗaya ya zama gida guda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma maganar gado a gidan Bahaushe tana da kaifi, tana iya taɓa aure da neman aure. Fara da mara lafiyar shi kaɗai, ka nemi izininsa, ya zaɓi wanda za a fara gaya wa. Kauce wa kalmar da za ta sa a ce laifin dangin uwa ne ko na uba.

Masu ɗauke da SDH ana bin su da awon jini da metanefrin duk shekara, da MRI duk bayan shekara biyu ko uku, kuma ga SDHB ana farawa tun yaro bai wuce shekara 10 ba. Masu FH, MRI na ƙoda duk shekara, domin sikanin ciki na yau da kullum yakan tsallake ƙananan ƙarin. Macen da ke da tarihin nan ta gaya wa masu awon ciki tun zuwan farko.

Sannan ka zana bishiyar dangin, zuriya uku, a bayan takardar da ka zana zagayen Krebs. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ware 'ya'yan kowane ɗaki, ka tambayi wane ne shaƙiƙi wane ne ɗan uba, domin "yayana" a bakinmu yana ɗaukar har ɗan baffa da ɗan riƙo. In ciwon ya fito a ɗakuna biyu, ta wajen maigidan ya zo, kuma 'ya'yan ɗaki na uku ma sai a kira su awo.